Sake shigar da ƙarar karayar arziki bayan mutuwar aure

'Yar uwa sannu, Allah ya musanya miki da alheri. Kin ce a Amurka kike, kin taɓa zuwa kotu kan karayar arziki, yanzu aure ya mutu bashi ya sake yi miki katutu, wai ko za ki iya komawa?

Za ki iya, amma ɗauko tsohuwar takardar kotun nan ki duba ranar da kika shigar da ƙarar, daga nan ake ƙirga, ba daga ranar da aka yafe bashin ba. In Babi na 7 na dokar karayar arziki kika yi, wato wanda ake yafe yawancin bashi lokaci guda, kuma shi kike so ki maimaita sai shekara 8 ta cika, in kuma Babi na 13 za ki koma, wanda ake biya kaɗan-kaɗan, shekara 4 ta isa.

Inda ake shan mamaki bashin haɗin gwiwa ne, ko alƙali ya ce tsohon mijin ne zai biya, banki ba ruwansa wallahi, muddin sunanki na jikin takardar ke ma za su bi ki. Kuɗin ciyar da yara kuwa ba a yafe shi sam. Ni dai da ni ce, lauya zan fara gani kafin na sa hannu a komai.