Abin da ya karya tsohuwar majalisar ƙasashen duniya

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da majalisar da aka kafa a 1920 ta kasa hana yaƙin duniya na biyu. A ganina, Habasha ce ta tona mata asiri. Musolini, shugaban Italiya, ya auka wa Habasha a Oktoban 1935, alhali ƙasashen biyu duk mambobin majalisar ne. Aka ƙaƙaba wa Italiya takunkumi, amma ban da man fetur! Mashigin Suwez ma, hanyar da jiragen ruwan Italiya ke bi zuwa yaƙin, a buɗe aka bar mata. Da Sarkin Habasha Haile Selassie ya miƙe a zauren majalisar a Jeniba a Yunin 1936 zai kai kuka, 'yan jaridar Italiya suka dinga yi masa fito da ihu. A watan da ya biyo baya aka ɗage takunkumin. Amurka kuwa dama ba ta taɓa shiga majalisar ba.