Kakana ya je yaƙin ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu), ina zan samo takardunsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kakana ya shiga soja daga Argungu lokacin yaƙin Hitila, ya je Bama ya dawo, ya rasu tun ina ƙarama. Abin da ya bari shi ne lambar yabo mai siffar tauraro da wani ɗan littafi da gara ta ci gefensa. Ko akwai inda ake ajiye bayanan irinsu?
Wata mai karatu, Birnin Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki riƙe littafin nan da kyau, ya fi tauraron amfani. Tauraron Bama da Ingila ta raba babu suna a bayansa, kowa iri ɗaya aka ba shi. Littafin kuwa, in na sallama ne, za ki ga lambar sojan Kaka, galibi tana farawa da NA, da kuma bataliyarsa. Ki ɗauki hoton kowane shafi da waya kafin gara ta ƙarasa aikinta.

Na fi dogara da lamba saboda suna ba ya kai mutum ko'ina. Akawun ɗaukar soja yakan haɗa sunan mutum da na garinsu, Garba ya koma Garba Argungu, kuma ba shi kaɗai ba ne. Wasu ma da sunan aro suka shiga don kada iyaye su biyo sawu. A takarda dai 'yan sa kai ne, amma da yawa hakimai ne suka tura su don cika adadin da Turawa suka yanka.

Bataliyar ce za ta nuna miki inda ya taka. In kin ga ta 6, ta 7 ko ta 12, yana cikin dakarun musamman da ake kira Chindit, da aka sauke da jirage a bayan Japanawa a 1944. Sauran 'yan Nijeriya na rundunoni na 81 da 82, waɗanda aka kafa a 1943, sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka ci garin Myohaung a Janairun 1945. Kundin abin da kowace bataliya ta yi kullum yana ma'ajiyar tarihi ta Ingila da ke Kew a Landan, a jerin fayiloli mai lamba WO 172. Kada ki sa rai da yawa, sunayen hafsoshi Turawa ne suka cika shi, ƙaramin soja sai ya yi bajinta ko ya ji rauni ake ambatonsa.

A gida kuma, ki je ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna ki nemi fayilolin lardin Sakkwato, SOKPROF, tunda Argungu a ƙarƙashinsa take a lokacin. Ki leƙa ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya ma. Shafin intanet na CWGC, hukumar kula da kaburburan sojojin Ingila da ƙasashen da ta raina, kyauta ne, sai dai na waɗanda suka mutu a yaƙin ne, Kaka ba ya ciki.

In akwai ƙanwarsa ko wata gwaggo da ke raye, ki fara da ita wannan makon. Ita ce za ta faɗa miki da wane suna ya shiga.