An sare saiwoyin bishiyoyinmu don gina hanyar ƙafa, ko za su faɗo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina cikin kwamitin da ke kula da wani wurin shaƙatawa na jama'a. Shekara biyu da suka wuce aka yi mana hanyar ƙafa ta kankare, ta bi ta gefen wasu manyan bishiyoyi biyar, tsakaninta da gindinsu bai fi mita ɗaya ba. Lokacin haƙa na ga an sare saiwoyi masu kaurin hannu, na yi magana, ɗan kwangilar ya ce na sama ne kawai, ainihin saiwar tana can ƙasa. Yanzu biyu daga ciki sun fara bushewa daga sama, ɗaya kuma kamar ta karkata. A ƙarƙashinsu yara ke wasa kullum da yamma. Wani ya ce mu sare kawunansu su yi sauƙi, mu ƙara musu ƙasa a gindi. Hankalina ya tashi. Me za mu yi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, hankalinki ya tashi a kan gaskiya. Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, ki sa a kewaye wadda ta karkata da igiya ko shinge, a kawar da benci da kayan wasan yara daga duk inda za ta iya kaiwa in ta faɗi, wato tsawonta da ƙarin rabinsa. Sannan ki je gindinta ki duba ɓangaren da ta baro. In kin ga ƙasa ta tsage ko ta ɗago kamar an tura ta daga ciki, ko kin ga naman gwari ya tsiro a gindin, to lamarin ya wuce jiran zaman kwamiti. A kira masanin bishiyoyi ya zo a ranar.

Yanzu ga maganar ɗan kwangilar nan, wadda kusan kullum sai na ji irinta a bakin wani. Mutane sun ɗauka bishiya a ƙarƙashin ƙasa kamar hotonta ne a madubi, yadda rassa suka yi sama haka saiwoyi suka nutse ƙasa. Ba haka ba ne. Mafi yawan saiwoyin babbar bishiya suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, suna tafiya a kwance, kuma sukan zarce iyakar inuwarta ninki biyu ko uku. Dalili shi ne saiwa numfashi take yi, iskar oksijin kuwa a saman ƙasa take, tare da ruɓaɓɓen ganye da danshin ruwan sama. Na san za a ce mini ai gawo yana da saiwa mai zurfi. Gaskiya ne, wasu itatuwan busassun wurare suna tura saiwa ƙasa neman ruwa, musamman a rairayi. Amma a ƙasar da ake takawa kullum, wadda ta danne ta yi tauri, saiwoyin gefe ne ke riƙe bishiya idan iska ta taso. Waɗanda aka sare a gabanki su ne igiyoyin da suka ɗaure ta.

Ba zato nake yi ba. A watan Oktoban 1987 wata guguwa ta kayar da bishiyoyi kusan miliyan 15 a Ingila cikin dare ɗaya. Masanan lambun Kew da ke Landan suka bi suna auna gindin waɗanda suka tumɓuke, abin da suka yi ta gani shi ne faifan saiwoyi mai faɗi marar zurfi. A cikin lambun nasu ma akwai wata tsohuwar bishiya da ta daɗe tana ciwo, guguwar ta ɗaga ta da saiwoyinta ta sake ajiye ta a raminta. Maimakon ta mutu sai ta farfaɗo, domin ƙasar da ƙafafun baƙi suka danne shekara da shekaru ta sassauta, iska da ruwa sun samu shiga. Daga nan suka fara sassauta ƙasar gindin tsofaffin bishiyoyinsu da gangan.

Akwai ƙa'idar da masu tsara lambuna da yawa ke bi, daga ma'aunin Birtaniya mai lamba BS 5837 na 2012. A auna faɗin gindin bishiya a tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a ninka sau 12, abin da ya fito shi ne nisan da za a bari ko ta wane gefe. Bishiya mai faɗin santimita 60 tana buƙatar mita 7.2. In babu abin awo, ki zagaye gindin da igiya, ki ninka tsawon igiyar huɗu, kin yi kusa da lissafin. A cikin wannan da'ira ba a haƙa da katafila, ba a ajiye tifar yashi, ba a wanke injin kwaɓa siminti, kuma saiwar da ta kai kaurin milimita 25, kusan babban yatsa, ba a yanke ta sai masani ya gani. Ku an yi muku haƙa a mita ɗaya. Idan faɗin bishiyoyinku ya kai yadda nake tsammani, haƙar ta shiga cikin ninki uku na faɗin gindi, inda matsalar ta wuce ta ciwo ta zama ta tsayuwa da ƙafa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne bishiya ba ta nuna rauninta nan take. Tana da ajiyar abinci a jikinta, sai ta ci gaba da ganye kore shekara ɗaya, biyu, har biyar. Kafin saman ya fara bushewa an biya ɗan kwangila, wa'adin gyaran aibin aikinsa ya ƙare, jami'in da ya sa hannu a takardar kammalawa an sauya masa wurin aiki. Sai a ɗora laifi a kan fari ko gara ko tsufa. Na taɓa tsayawa a bakin wani rami da aka haƙa don bututun ruwa a wani lambu, na ƙirga saiwoyi goma sha ɗaya da haƙorin katafila ya yayyage, farin cikinsu a waje, ruwa na ɗiga daga bakinsu. A zanen da ofis ya amince da shi, bishiyar ɗan ƙaramin zobe ce kawai, babu wanda ya tambayi me ke ƙarƙashin zoben. Ofisoshin da za su riƙe takarda wata shida saboda launin fitila su ne ke wuce wannan ba tare da sun ɗaga kai ba. Kuma duk mai zarto da tsani yau sai ya kira kansa masanin bishiya.

Irin waɗannan ne suka ba ku shawarar sare kai. Kada ku yarda. Bishiyar da ta rasa saiwa da ganyenta take neman abincin da za ta tsiro wasu, in kuka cire shi kun tara mata yunwa biyu. Manyan raunukan da sara ke bari ba sa rufewa, ruɓa na shiga ta nan ta gangara. Tohon da ke fitowa daga bakin saran kuma yana girma da sauri, amma a ɓawo kawai yake manne, shi ne bayan 'yan shekaru ke ɓallewa ya faɗo kan mutane ko da iska ba ta da ƙarfi. Akwai rage rassa na ilimi, inda ake zaɓar reshe a yanke shi a mahaɗarsa da wani don rage kamun iska, wannan aikin masani ne bayan ya duba gindin. Shafa fenti ko kwalta a rauni ba ya hana ruɓa. Ƙara ƙasa a gindi kuwa shaƙe saiwoyin da suka rage ne, kuma ɓawon kututture ba a halicce shi ya zauna cikin danshi ba.

Wadda ta karkata, ki shirya zuciyarki, mai yiwuwa a ce a sare ta, kuma in an ce haka kada ki ja. Sauran huɗun suna da dama. A hana taka ɓangaren da ba a haƙa ba, a shimfiɗa ɓarzajjen itace ko busasshen ganye kaurin santimita 5 zuwa 10 har iyakar inuwa, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kututture. A riƙa ba su ruwa a hankali ya jiƙa ƙasa sosai lokacin da babu ruwan sama, kada a cika musu taki. Idan akwai mai injin da ke sassauta ƙasa da iska mai ƙarfi ba tare da yanka saiwa ba, ku ɗauko shi. Busassun rassan da ke kan hanya a cire su yanzu. Ki ɗauki hoton kowace daga wuri ɗaya duk wata uku, da kuma bayan kowace iska mai ƙarfi, ta haka za ki gane ko karkata na ƙaruwa.

In za ku ƙara wata hanyar nan gaba, a lanƙwasa ta ta kauce wa da'irar, masu yawo ma sun fi jin daɗin hanya mai lanƙwasa. Inda babu wurin kaucewa, a ɗora ta a kan ƙasa ba tare da haƙa ba, da tsakuwa mai barin ruwa ya wuce, ko a yi dandamalin katako a kan turaku waɗanda aka haƙa raminsu da hannu. Bututu da waya a bi da su ta ƙarƙashin saiwoyi. Duk wannan a rubuta shi cikin takardar kwangila, tare da sharaɗin cewa shingen kare bishiyoyi zai tsaya kafin motar farko ta shigo, kuma ba za a cire shi ba sai ta ƙarshe ta fita.

Ki rubuta wa hukumar da ke da wurin yau, ki haɗa da hotuna da kwanan wata, ki ajiye kwafi a hannunki. Ki faɗi a fili cewa yara na wasa a ƙarƙashin bishiyar da aka sare wa saiwa a mita ɗaya daga gindinta, kuma kina neman a turo masani cikin mako guda.