Maganar ƙara wa AGOA wa'adi, da zannuwana ɗari huɗu

Ka ce ka ji a rediyo ana batun ƙara wa yarjejeniyar AGOA wa'adi, kana tambaya ko mu ƙaro farin yadi mu cika karofi, ramukan rininmu, tun kafin masu sari su yi mana yawa. To, ajiye wayar nan ka saurare ni, yaro, ka fama mini tsohon miki.

Tun shekarar 2000 shugaban Amurka Bill Clinton ya sa mata hannu, ko haihuwarka ba a yi ba. Abin da ke cikinta shi ne kayan wasu ƙasashen Afirka, har da tufafi, su shiga Amurka ba kuɗin fito. Ana ce mata yarjejeniya, amma dokar majalisarsu ce, su ke sa ƙasa su ke cire ta. Sun cire Madagaska a 2010, Habasha a 2022, ga maƙwabciyarmu Nijar a 2024 bayan juyin mulki. A 2015 Obama ya ƙara mata shekara 10, zuwa ƙarshen Satumba 2025. Wannan ƙarin ne ya ci ni.

Ba a yi wata guda da sanarwar ba wani mutum ya sauko nan Ƙofar Mata a Kano, da shaddarsa fes, da Hausa a bakinsa kamar ɗan cikin gari. Ya zagaya marina duka, ya tsaya a kaina, don ya ga shuɗina ya fi na kowa zama. Wannan kam gaskiya ya gani. Ya ce yana da masu saye a Amurka, yanzu hanya ta buɗe har shekara goma. Ya sa na rina masa zane ashirin na gwaji, ya biya nan take bai nemi ragin ko kwabo ba. Da tsaba ya fara, ni kuma na bi kamar kaza.

Bayan sati biyu ya dawo da takarda ta Turanci mai hatimi, wai ana son guda 400, kowanne da awon da ya rubuto. Ya ce kuɗi sai kaya sun hau jirgi. Na shiga Kantin Kwari na ɗauko yadi bashi a wurin wani Alhaji da muka shekara ashirin muna hulɗa ban taɓa saɓa masa ba. Na sayar da bijimai biyu da nake kiwo don Layya, na biya matan da ke mana ƙulli, na sayi baban rini. Karofi shida na haɗa. Yadda ake auna toka da katsi ba zan tsaya faɗa maka ba, wanda ya shekara uku a bakin karofi bai san wannan ba gara ya koma gida. Wata uku hannuna bai bar ruwa ba. Abin da har gobe ke ci mini rai, a tsakiyar aikin nan Buzayen Agadas suka zo, mutanen da tun zamanin mahaifina, Allah ya jiƙansa, suke sayen baƙin rini a hannunmu da kuɗinsu a ɗaure. Na ce musu ba hali. Suka wuce marinar garin Kura, shekara huɗu ba su waiwaye ni ba.

Ya kwashi 250, ya ce saura sai zuwa na biyu. Can ya kira wai kaya sun maƙale a Legas, ana neman takardar shaidar inda aka yi su, in taimaka da wani abu. Na aika. Daga nan waya ta mutu. Bayan kusan shekara na je Abuja gaisuwar rasuwa, na ga zanena rataye a wani shago ana sayar wa Turawa. Ƙullin gidana ne, ko a duhu na san shi. Ko ƙamshin teku kayan ba su ji ba. Mai shagon ya ce shi saya ya yi, bai san mutumin ba.

Sauran 150 kuwa, awon shimfiɗar tebur da labule ya sa na yanka, ba macen da za ta ɗaura. Shekara biyu ina biyan Alhajin nan kaɗan-kaɗan, in na shiga Kwari sai na sunkuyar da kai.

Waɗanda suka ci moriyar AGOA a tufafi su ne irin Kenya da Lesoto, masu manyan masana'antun ɗinki da ke tura wandon jins kwantena-kwantena. Mu abin da muka fi turawa a ƙarƙashinta ɗanyen mai ne. Da me za mu yi gasa? Masaƙar farko ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta daɗe a rufe, audugar Funtua da Gusau ta ja baya, farin yadin da kake so mu ƙaro ma yawancinsa daga Sin yake zuwa.

Ku yaran yanzu da kun ji an ambaci Amurka sai jikinku ya hau rawa, kuna lissafin dala alhali shuɗinku na zuba a wanki na biyu. Ko bandir ɗaya ba za mu ƙara ba. Duk wanda ya zo da zancen kai kaya waje, a ƙara wa'adi ko kar a ƙara, ya ajiye rabin kuɗi kafin yadi ya taɓa ruwa, ya cika saura kafin ya fita ƙofar nan. In ya kawo awonsa na daban, ya biya duka tun farko. Karofi biyun nan na gabas kuma na Buzaye ne, bayan damina za su sauko, kada ka tsoma kayan kowa a ciki.