Ku Tambaya Mu Amsa: Rakiyar Mai Dogon Gudu

Tambaya: Assalamu alaikum. Abu biyu ne suka haɗe mini ranar Asabar ɗaya. Ƙarfe bakwai na safe ina da tseren kilomita 10 a kan titi, abokina kuma zai yi gudun kilomita 60, daga cikin Jos ya bi ta Bukuru ya nufi wajen Vom ya dawo. Na yi masa alkawarin raka shi kilomita 20 na ƙarshe. Zai yiwu, ko in haƙura da ɗaya? Daga mai karatu a Rikkos.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zai yiwu, in dai ka saba yin kilomita 25 zuwa 30 a atisaye ba tare da ka kwanta washegari ba. In ba ka taɓa kaiwa nan ba, zaɓi ɗaya. Mai rakiyar da ya galabaita ya zama kaya a wuyan mai gudun.

Bari mu yi lissafi. Duk gudun da ya haura na fanfalaki, wato kilomita 42.195, ya shiga wani aji dabam, kuma ba a yin sa da saurin da ka sani. In abokinka ya tashi ƙarfe shida yana cin kowace kilomita a minti bakwai da rabi, zai iso kilomita ta 40 wajen sha ɗaya na safe. Kai kuma ka gama naka kafin takwas. Awa uku ke nan a hannunka. Kana tsallake layi ka sha ruwa, ka cire rigar da ta jiƙe, ka canja safa, cikin awa ɗaya ka ci abinci mai sauƙi kamar shinkafa da ɗan ƙwai ko burodi da shayi. Kada ka zauna a mota awa biyu ƙafa a naɗe, za ka fito gwiwa ta sandare. Ka riƙa ɗan takawa.

Inda yawancin masu rakiya ke ɓata aiki shi ne nan: ka baro tsere inda kake cin kilomita a minti biyar, jikinka da sauran zafinsa, sai ka tarar da mutumin da ya koma minti takwas ko tara. Ba ka sani ba za ka riƙa jan sa. Zai bi ka don kunya, kilomita biyar, daga nan ya zube. Saurinsa za ka bi. Ka tsaya gefensa ko taku ɗaya a gabansa, ka riƙa duba agogo, duk hawa mai tsayi ku taka da ƙafa da sauri, gangara da miƙaƙƙiya ku yi gudu. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, haki yana zuwa da wuri a hawa, musamman ga wanda ya zo daga Abuja ko Kano. Waɗannan kilomita 20 za su ci muku kusan awa uku, a tsakiyar rana, Azahar ma a hanya za ta same ku, saboda haka ku tsara wurin tsayawa tun kafin ranar.

A kan titi ku bi gefen hagu, kuna fuskantar motoci masu zuwa, kai ne a ɓangaren kwalta. In gasa ce mai hukuma, ka karanta dokarta. Wasu ba sa yarda da mai rakiya sam, wasu sai daga wani zango, kamar gasar Western States ta Amurka mai mil 100, wasu kuma sukan kori mai gudu in mai rakiya ya ɗaukar masa ruwa ko abinci.

Tambaya: Ni zan bi ƙanina da mota a gudun kilomita 50. Me zan tanadar masa na ci da sha? Waɗancan ledojin zaƙi na 'yan gudu sun yi tsada. Daga wata mai karatu a Unguwar Rogo.

Amsa: Hajiya, kasuwar Farin Gada ta ishe ki. Abin da jiki ke nema shi ne sitaci ko sukari gram 30 zuwa 60 a kowace awa, tun daga awa ta farko, ba sai ya ji yunwa ba. Ayaba matsakaiciya tana da kusan gram 25. Dabino ƙanana biyar ko shida sun kai gram 30, sai dai ki jiƙa su ki cire ƙwallon tun a gida, busasshen dabino ba ya wucewa a busasshen maƙogwaro. Ki dafa dankalin turawa ƙanana ki barbaɗa gishiri, domin bayan awa huɗu zaƙi yakan gundure mutum, a lokacin ne dankali ke ceto. Lemon kwalba mai sukari, wanda aka buɗe iskarsa ta fita, yana da amfani can ƙarshe, kurɓi uku ko huɗu a lokaci guda.

Ruwa kuwa, kimanin leda ɗaya, wato rabin lita, zuwa leda ɗaya da rabi a awa, gwargwadon zafin rana da yawan zufarsa. Kada ki matsa masa ya yi ta ɗura ruwa zalla. In ruwa ya yi yawa gishirin jini yakan ragu, ciki ya kumbura, yatsu su kumbura, kai ya yi ciwo, abin har yakan kai ga suma. Ki haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba mai gudawa, lita ɗaya da sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, ya riƙa sha jefi-jefi tsakanin ruwan.

Ki bar ƙosai, tsire da fura sai an dawo gida. Mai da nono suna daɗewa a ciki, jijjigar gudu kuma ta tayar da su. Duk abin da za ki ba shi, ya zama ya gwada shi a atisaye, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki sa basilin a jaka saboda gogewar cinya da hammata, da filasta, da safa ta biyu, da hula. In lokacin hunturu ne ki riƙe masa rigar sanyi, yana tsayawa sanyin Jos zai kama jiƙaƙƙen jiki.

Tambaya: Ta yaya zan gane gajiya ce kawai ko lokacin tsayar da mai gudun ya yi? Daga mai karatu a Bukuru.

Amsa: Malam, mita, ɓacin rai, "na fasa", duk wannan gajiya ce, sau da yawa ma yunwa ce. Ka ba shi abin ci, ku taka minti goma, ka daina ce masa saura kilomita goma sha biyar, ka ce mu kai wancan gidan man. Yawanci zai farfaɗo. Kada ka tsare shi da tambaya. Miƙa masa ayabar ka ce ci.

Amma in ya fara tangaɗi, ko magana ba kan gado, ko ka tambaye shi inda kuke ya kasa faɗa, ko yana amai ba tsayawa, ko ƙirji na ciwo, gudu ya ƙare, ko ya yi gardama. In jikinsa ya yi zafi rau, ka kai shi inuwa, ka cire masa riga, ka kwara masa ruwan sanyi a kai da wuya da hammata ana yi masa fifita, a nufi asibiti. Wanda hankalinsa ya gushe ba a ɗura masa ruwa a baki. Fitsari baƙi-baƙi kamar baƙin shayi alama ce nama ya ji rauni har ƙoda na wahala, shi ma na likita ne a ranar. Saboda ƙodar ce kuma muke hana ba mai dogon gudu ibuprofen ko diclofenac a hanya, komai ciwon gwiwarsa. Ku yi wannan maganar da shi kwana ɗaya kafin gudun, a gaban mai mota, ya amince da bakinsa cewa in ka ce a tsaya an tsaya.