Tsakanin Ali da Tyson: Amsar Mai Horarwa ga Yaronsa

Ɗana, ka tambaye ni wa zai yi galaba da za a haɗa Muhammad Ali da Mike Tyson a fage ɗaya, kowannensu yana kan ganiyarsa. Ka ce musun ya hana ku sakat a majalisarku ta Tudun Wada, har wani ya kafe a kan cewa tun da Tyson ya gama da Larry Holmes a turmi na huɗu a 1988, Holmes kuwa ya doke Ali a 1980, to magana ta ƙare. Na ga ya fi kyau in rubuta maka amsar, domin hayaniyar wurin atisaye ba ta barin mutum ya tsara magana, kuma tambayar ta shafi sana'ar da kake koyo fiye da yadda kake zato.

Lissafin abokin naka shi ne abu na farko da za ka yi watsi da shi. Ali yana da shekara 38 lokacin da ya kara da Holmes, bayan ya yi shekara biyu rabonsa da fage, shi ma Holmes shekararsa 38 lokacin da ya dawo daga ritaya ya faɗa hannun Tyson, wanda a ranar bai cika shekara 22 ba. Abin da faɗan biyu suka nuna shi ne cewa matashi yana doke wanda ƙarfinsa ya fara ja baya, kuma wannan kowa ya sani. Ko da mutane suna zamani ɗaya ma, irin wannan lissafi ba ya tafiya. Joe Frazier ya ci Ali da maki a 1971, sai George Foreman ya kai Frazier ƙasa sau shida cikin turmi biyu a Jamaika a farkon 1973. Ken Norton ya karya wa Ali muƙamuƙi a wannan shekarar, amma bai wuce turmi na biyu ba a gaban Foreman. Da lissafi ne yake dambe, da Ali bai isa ya tsaya gaban Foreman ba, sai ga shi a Kinshasa a watan Oktoba na 1974 ya kwantar da shi a turmi na takwas. Dalili kuwa shi ne Frazier yana shigowa ne kai a sunkuye, daidai inda naushin Foreman mai tasowa daga ƙasa yake jiran haɓa, shi kuwa Ali ya jingina da igiya ya kare fuska, yana riƙe shi yana danna masa wuya, har hannuwan Foreman suka yi nauyi. Salon wani ne yake zama maganin salon wani, kuma gane wannan shi ne rabin aikin mai horarwa.

Kafin ka haɗa zakarun zamani biyu, dole ne ka faɗi dokar da za a yi faɗan a kanta. A zamanin Ali, damben kambun duniya turmi 15 ne, sai bayan rasuwar ɗan damben Koriya ta Kudu, Duk Koo Kim, sakamakon karawarsa da Ray Mancini a 1982, hukumomin dambe suka riƙa mayar da shi 12 ɗaya bayan ɗaya. Kada ka raina turmi ukun nan. Rocky Marciano, wanda ake alfahari da cewa ya yi dambe 49 ba a taɓa cin sa ba, yana baya ne a maki lokacin da ya kwantar da Jersey Joe Walcott a turmi na 13 a 1952, wato da dokar yau aka bi, da ya sauka a ranar ba kambu. Haka faɗan Ali da Frazier a Manila a 1975, sai bayan turmi na 14 mai horar da Frazier ya hana shi tashi.

Sai maganar sikeli. Marciano kusan kilo 85 yake yi, alhali a yau wanda bai haura kilo 90 ba, ba a ma sa shi a ajin masu nauyi. Girma yana da tasiri idan mai shi ya iya amfani da shi, kamar yadda namu Dick Tiger ya gani, wanda ya kare kambunsa na matsakaicin nauyi a Ibadan a 1963, ya hau aji na gaba ya karɓe kambu a hannun José Torres a 1966, amma da ya gamu da dogo Bob Foster a 1968, naushi ɗaya a turmi na huɗu ya raba shi da shi. Duk da haka Oleksandr Usyk, mai kilo kusan 101, ya ci Tyson Fury mai kusan 119 a Saudiyya a watan Mayu na 2024, saboda ƙafarsa da numfashinsa sun fi na Fury. Saboda haka sikeli yana shiga cikin hukunci, amma ba shi kaɗai yake yanke shi ba.

Yanzu ga ra'ayina a kan mutanen biyu da ka tambaya. Na ɗauki Tyson na 1986 zuwa 1988, wanda ya zama zakara yana ɗan shekara 20, yana bin tsarin da tsohon mai horar da shi, Cus D'Amato, ya ɗora shi a kai, wato safar hannu a kumatu, kai yana kaɗawa hagu da dama, ya kutsa ƙarƙashin hannun dogon mutum ya saki naushi uku ko huɗu a jere. Na ɗauki Ali na 1966, kafin a dakatar da shi shekara uku da rabi saboda ƙin shiga soja, lokacin da ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Masu son Ali ba sa son a faɗa, amma yana da ɓaraka wadda ta dace da makamin Tyson, domin yakan sauke hannun dama, kuma yakan kauce wa naushi ta hanyar ja da baya a miƙe. Naushin hagu na gefe ne ya kai shi ƙasa a gaban Henry Cooper a Ingila a 1963, irinsa ne kuma Frazier ya kayar da shi da shi a turmi na 15 a 1971. A turmi huɗu na farko, Ali zai kasance cikin hatsari na gaske, kuma ba zan yi mamaki ba idan gwiwarsa ta taɓa ƙasa.

Abin da ya sa na karkata ga Ali shi ne abin da yake biyo bayan faɗuwar. Duk sanda aka kayar da shi ya tashi, kuma ba a taɓa ƙirga masa goma ba, shi kuwa Tyson bai taɓa faɗuwa ya tashi ya ci faɗan ba. Ko a ganiyarsa, dogayen da suka iya riƙo sun ja shi har turmi 12, kamar James Smith da Tony Tucker a 1987, kodayake ya ci su da maki. Buster Douglas a Tokyo a 1990 ya nuna yadda miƙaƙƙen naushin hagu da sauya wuri suke hana shi shigowa, Evander Holyfield kuma a 1996 ya nuna cewa idan aka tura shi baya ƙarfin naushinsa yana raguwa. Adalci shi ne a tuna cewa Tyson na 1990 da 1996 ya riga ya rabu da mai horar da shi Kevin Rooney, kaɗa kan nasa ma ya ragu. Amma Ali ya fi Douglas sauri, ya fi Tucker dabara, kuma ya ƙware wajen danne wuyan gajeren mutum har ƙafafunsa su gaji. A turmi 15 na ba Ali ba tare da shakka mai yawa ba, a turmi 12 ma na ba shi, sai dai da ƙyar.

Kai dogo ne, kuma na lura kana da ɗabi'ar Ali ta sauke hannun dama bayan ka miƙa hagu, ba tare da kana da saurinsa ba. Ka nemi bidiyon turmi na 15 na faɗan 1971 da turmi uku na farko na faɗan Tokyo, ka kashe sauti domin ihun masu sharhi yana ɗauke hankali, ka zuba ido a kan ƙafafu da hannun dama kawai. Ranar Asabar zan haɗa ka da gajere mai kutsawa, kuma abin da zan duba shi ne ko za ka riƙa zagayawa ta hagunka da safar dama manne a kumatu, maimakon ja da baya a miƙe zuwa igiya.