Amsa ga ƙanwarmu kan tallan man shafawar Hajiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'ar wannan zaure, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri, da murya zan amsa, don maganar tana da ɗan tsawo.

Ƙanwata, tun la'asar na ji tambayarki, ina kan hanya ne. Ga waɗanda ba su saurara ba, cewa ta yi wata Hajiya mai haɗa man shafawa da sabulu ta kawo musu aiki, tana son talla ya fita kafin Sallah, amma kuɗin da ta ware ba zai ɗauki mai hoto da 'yar talla ba. Shi ne take tambaya, ko za ta iya sa ƙirƙirarriyar basira, wato AI ɗin nan, ta zana mata hoton mace kafin ta fara shafa man da kuma bayan ta shafa, sannan ta rubuto mata shaidar kwastomomi biyu ko uku? Kuma wai dole ne sai Hajiya ta sani?

To. Da farko dai ni ba na gaba da abin nan. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 muke aiki da shi a ofishinmu. Yana taya mu tsara jadawalin wata, yana kawo mana kanun talla ashirin mu tsinci ɗaya, yana goge tarkacen bayan hoto. Aikin da ke cin yini guda yanzu kafin azahar an gama. Wannan alheri ne.

Amma bari in ba ki labarin abin da ya same mu bara, kafin ƙaramar Sallah. Wani Alhaji mai shagon atamfa a Kantin Kwari ya ba mu aiki. Muka ɗauki hoton turmi ɗaya da waya, muka ba na'ura muka ce ta ɗinka shi a jikin mace, riga da zani da ɗankwali. Wallahi hoto ya fito kamar na mujalla. Kowa a ofis ya ce ma sha Allah, muka saka a Facebook da Instagram. Ashe ganyen da ke jikin atamfar, wanda kore ne mai duhu, na'ura ta mayar da shi kore shar mai sheƙi. Ta kuma ɗiga wani ruwan zinare a tsakiyar kowane fure, alhali a turmin babu shi. Mu huɗu muka kalli hoton nan, ba wanda ya ɗauko turmin ya kara kusa da shi. Wata baiwar Allah daga Gombe ta yi odar turmi goma sha biyu na ankon bikin 'yarta. Aka kai tasha, aka sa a mota. Da ta kwance ɗauri ta ga ba abin da ta nuna wa dangi ba ne, sai ta kira Alhaji tana kuka.

Shi kuma ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, ka san dattawan kasuwa. Cewa kawai ya yi, "Malam, shekara talatin ina kasuwar nan, ba a taɓa ce mini maƙaryaci ba sai yau." Har yanzu idan na tuna maganar nan jikina sanyi yake yi. Mun biya kuɗin motar dawo da kaya, mun sauke tallan, amma sunan da aka taɓa nasa ne, kuma mu ya ba amanarsa. Tun daga ranar muka kafa doka a ofis: kayan da za a sayar, hotonsu na gaskiya za a saka. Bango, labule, haske, wannan na'ura ta yi abinta. Amma turmi, kwalba, takalmi, kwanon abinci, ba a taɓa su.

Kin san hadisin nan da ke cikin Muslim. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci ya tara shi tsibi, sai ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ya ce masa, me ya hana ka ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni. To ƙanwata, macen da ba a taɓa haifa ba, fuskar da ba ta taɓa ganin man Hajiya ba, a nuna ta da ƙuraje a hagu, a nuna ta sumul a dama, me za mu kira wannan? Shaidar kwastoma kuma shaida ce. Idan kika rubuta "na shafa sati biyu tabo ya tafi" alhali ba wadda ta faɗa, kin yi shaidar zur, ko da yatsanki kika rubuta ko na'ura ta rubuta miki. Yarinyar da za ta cire kuɗin ɗinkinta ta sayi man nan saboda hoton, haƙƙinta yana wuyan wa? Don haka waɗannan biyun, a'a. Ba na ma kokwanto.

Turawa ma sun ɗanɗana. A Fabrairun 2024, a Glasgow ta Sikotilan, wani ya tallata wajen shaƙatawar yara da hotunan na'ura, lambun alewa da cakulan iya ganinka, tikiti har fam 35. Iyaye suka je da 'ya'yansu suka tarar da wani sito kusan wayam. Yara na kuka, sai da aka kira 'yan sanda.

Kada kuma wani ya ce ai idan ta ɓaci sai a ce na'ura ce ta yi. Kamfanin jirgin Air Canada ya gwada wannan. Wani mutum kakarsa ta rasu, na'urar amsa tambaya da ke shafinsu ta ce masa ya sayi tikiti, daga baya ya nemi ragin da ake yi wa masu zuwa jana'iza. Da ya nema suka hana shi, suka ce wai na'urar ita ke da alhakin maganarta. Da ya kai ƙara, a watan nan dai na Fabrairun 2024 kotu ta ce ba ta san wannan zance ba, shafinku ne, maganarku ce, ku biya shi. Mu nan ma haka ne. Man shafawa yana ƙarƙashin NAFDAC, kuma ba rajistar kaya kaɗai suke yi ba, tallan ma sai da izininsu. Ga ARCON, hukumar kula da tallace-tallace, wadda ta gaji APCON a 2022, ita ma tana son ta tantance talla kafin ya fita, har na soshiyal midiya. Na'ura kuwa bakinta ba linzami, kina ce mata ta yabi man nan za ta rubuto miki yana maganin ƙyasbi da makero da tsufa. Duk kalmar da ta shafi warkarwa, ki tambayi Hajiya ina hujja. In babu, goge.

Yauwa, sai wani abu da ba ki tambaya ba amma na san zai zo. Hajiya za ta turo miki lambobin kwastomominta, wataƙila da adireshi da abin da kowace ta saya, ta ce a tura musu saƙo. Don Allah kada ki kwashe ki zuba wa irin na'urorin nan na kyauta wai su tsara miki. Ba ki san inda suke ajiyewa ba. Samsung da girmansu, a 2023 ma'aikatansu suka zuba sirrin aiki a ChatGPT, dole kamfanin ya hana amfani da shi a kwamfutocinsa. Kuma tun Yunin 2023 muna da dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan, da hukumarta NDPC. Matar da ta sayi man tabon fuska ba ta ba Hajiya lambarta don ta yi yawo ba.

Hausar da take rubutawa ma ki sa ido. Kwanaki ta rubuto mana tallan mayafi tana cewa "ka saya, ka yafa". Mayafi fa! Ga cin ƙugiya, baƙi ya koma baki. Ga wata irin magana wai "buɗe ƙarfin kyawunki", wadda ba Bahaushiyar da za ta faɗa wa 'yar'uwarta. Ki karanta da ƙarfi, in kunnenki bai karɓa ba ki sake da bakinki.

Batun gaya wa Hajiya kuwa, e, ki gaya mata, tun kafin ki fara. Ba sai kin yi dogon bayani ba. "Hajiya, bangon hoton da tsara rubutu da na'ura za mu yi, kayanki kuma hotonsu na gaskiya za mu ɗauka, ba abin da zai fita sai kin gani kin amince." Wasu suna tsoron in sun faɗa za a ce a rage kuɗi. Ni ban ga haka ba. Basirarki da idonki ake biya, ki faɗi farashinki kai tsaye. Abin da bai halatta ba shi ne ki rubuta kuɗin mai hoto a takarda alhali ba ki ɗauki kowa ba.

Ga abin da zan yi da ni ne. Gobe da hantsi ki je wajenta da wayarki, ki samu farin ƙyalle kusa da taga, ki ɗauki kwalaben yadda suke, lambar NAFDAC tana fitowa sarai. Ki ɗauki hannunta tana zuba man kaɗanya, tana liƙa takarda, mutane suna son ganin wannan fiye da yadda muke zato. Ki ce ta nemo mata biyu cikin masu saye da gaske, su yi muryar rabin minti da yardarsu, ko ba fuska. In kin haɗa, turo mini ta gefe in duba miki kafin ki kai mata, ina ofis har ƙarfe biyar in sha Allahu. Sai da safenku.